Ranar da Na Bi da Inna Ta Hanyar Hawajat

Duk wanda ya yi tuƙi a Makka ya san garin nan ba a shigarsa da ƙarfi, sai da dabara. Duwatsu sun matse shi ta ko'ina, tituna sun bi ta cikin ramukan da aka fasa a dutse, kuma mutanen duniya duka wuri ɗaya suke so a lokaci ɗaya. Ni a nan aka haife ni, a nan na bar makaranta tun ban iya rubutun kirki ba, a nan na kama sitiyari. Na ja bas ɗin alhazai tsakanin Mina da Arfa shekara da shekaru, na ja motar ruwa, na ja motar kayan gwari daga kasuwar Ka'akiyya. Ban tara komai ba. Amma zahama, wato cunkoson mota, na san ta kamar yunwar cikina. Na san ba a fita bayan la'asar ranar Alhamis. Na san idan motarka babba ce, ba ka shiga ramin dutse sai ka tabbata bakin can a buɗe yake, don in ka shiga ba juyawa. Na san gara ka zagaye gari ka ƙona mai da ka tsaya wuri ɗaya ka ƙona zuciyarka. Wannan shi ne karatuna, kuma shi ne ya raba ni da uwata.

Ina da karafan. Ga wanda bai sani ba, mota ce da gida a cikinta: gado, ɗan murhu, tankin ruwa, bayan gida kamar akwati. Wani Balarabe da na yi wa tuƙi ne ya gaji da ita, ta tsufa, ta yi ta shan rana a bayan gidansa har tayoyinta suka tsage, ya sallama mini. Na daɗe ina gyaranta da hannuna. Maƙwabta suna wucewa suna cewa, "Direba, yaushe za a tare a sabon gida?" Na bar su da dariyarsu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai wasu inda suke so, ba laifi ba ne in ya so ya kai kansa wani wuri.

Inna tana hannuna a lokacin, tun rasuwar mahaifinmu. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Kai" take ce mini, ko "wannan". Tana yarinya ta zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa tare da iyayenta, ta ƙasa, suna tafiya suna yada zango suna aikatau a gonakin mutane har suka kai bakin teku. Ƙanwarta a hanya aka binne ta, a wani gari da Inna ba ta ma riƙe sunansa ba. Saboda haka akwai abu ɗaya da ba ta wasa da shi: ba ta kwana a wajen haddin Harami. Duk hanyar da ta shigo Makka akwai alama a gefenta, inda ƙasa mai alfarma ta fara. Tsofaffinmu da yawa haka suke, burinsu ajali ya same su daga cikin alamar nan. Ko biki aka yi a Jidda, Inna sai ta dawo a ranar. Madina kaɗai take yarda ta kwana, ta ce can ma gida ne.

Ƙanena yana unguwar Zahir, a nan cikin Makka. Ya yi karatu, yana aikin ofis, gidansa akwai na'urar hawa bene, sanyi har cikin kicin. Ya daɗe yana so Inna ta koma wurinsa. Ba ya faɗa kai tsaye, sai dai ya zo ranar Juma'a ya tsaya a matakalar gidana yana haki da gangan.

"Yaya, wallahi matakalar nan ko ni ta fi ƙarfina, balle Ummi."

"To ka rage tumbi."

"Ni da gaske nake. Ga zafi, ga warin kasuwa."

"Warin kasuwar ne ya biya maka kuɗin littattafai."

Haka muke. A wurinmu, gidan da uwa take shi ne gida. Can ake zuwa gaisuwar Sallah, can ake kai jariri a shafa masa kai. In aka ɗauke ta daga hannunka, ba wanda zai ce ka gaza, amma kowa ya sani. Ba ni da abin da ƙanena yake da shi, sai dai ina da Inna, kuma ban yi niyyar sakinta ba.

Wata bazara zafi ya yi tsanani. Inna ba ta son sanyin na'ura, yana kama mata ƙirji. In an kashe kuma ɗakin ya zama tanda. Ta rame, ta daina cin abinci. Ƙanena ya ƙara yawan zuwa, matarsa ta fara aiko da miya a kwano, kamar tawa matar ba ta da hannu. Sai na ce a raina, ga abin da shi ba zai iya ba ta ba. Ɗa'ifa tana nan a kan dutse, ba nisa, iskarta sanyin Allah ce ba ta na'ura ba. Na je na zauna a bakin gadonta.

"Inna, mu hau Ɗa'ifa ki sha iska kwana biyu."

"Kai, ka san ba na kwana a waje."

"Ai ba gidan kowa za ki ba. Gadonki zai tafi da ke. Kina kwance za mu hau, kina kwance za mu sauko."

"In mutuwa ta zo fa?"

"Kafin ta cire takalmi mun dawo."

Ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta yi kwanaki tana juya maganar. Daga baya ta ce da matata ta kira ni.

"Na yarda. Amma duk sa'ar da na ce ka mai da ni, ka mai da ni. Ba sai gobe ba, ba sai an jima ba."

Na ce na ɗauki alkawari.

Mun tashi ranar Talata bayan asuba, ni da ita da matata, lokacin da tituna suke wayam. Da gangan na zaɓi ranar, kuma niyyata mu sauko Asabar da sassafe, kafin masu hutu su farka. Na yi lissafina daidai. Muka hau dutsen a hankali, motar tana nishi a kowace kwana, Inna tana kwance a baya tana jan carbi. Na samu wuri a gefen wata gona, ƙarƙashin bishiyoyi, na kafa mota na shimfiɗa tabarma. Wallahi kwana biyun farko na ga uwata ta dawo. Ta ci rumman, ta ci gasasshiyar masara, ta zauna a waje da mayafi tana kallon hazo yana sauka a kan duwatsu. Birai suka zo suka sace mana burodi, ta yi ta yi musu faɗa da Hausa kamar jikokinta. Matata ta ɗauki hoto ta tura wa dangi a waya. Ƙanena ya rubuto, "Masha Allah." Kalma biyu kawai. Na san sun yi masa ɗaci, kuma na ji daɗi.

Ranar Alhamis da rana aka yi yayyafi, iska ta juya ta yi sanyi sosai. Bayan azahar Inna ta fara tari. Kafin la'asar numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Muka ba ta maganin shaƙarta, ya ɗan lafa, ya dawo. Na ce mu je asibiti a nan Ɗa'ifa, ga shi kusa.

"Su kwantar da ni a nan? A'a. Kai, ka mai da ni."

"Inna, yau Alhamis. Yanzu duk garin nan sauka yake yi, masu umara, masu komawa gida. Ki bari a duba ki tukuna, in ya so..."

"Me ka ce mini a bakin gadona?"

Na naɗe tabarma, na ɗaure tukwane, muka kama hanya.

Saukowa daga dutsen nan da mota mai nauyi ba wasa ba ne. Ba ka dogara da birki, sai ya yi zafi ya ƙi ka. Da giya ake sauka, a hankali, yara masu ƙananan motoci suna danna maka oda a baya suna zaginka. Ina jin tarin Inna ta bayan kujerata. Can ƙasa, inda dutse ya ƙare hanya ta miƙe, sai na hango abin da na sani zan gani. Jan fitilun birki, layi uku, har inda ido ya tsaya. Akwai wurin bincike a gaba, kuma daga gani wani abu ya faru bayansa, don ba motsi ko kaɗan. Mutane sun fito sun tsaya a gefen motocinsu. Direba in ya kashe mota ya fito ya kunna sigari, ka san ya ɗebe tsammani.

A daidai wurin hanya ta rabu. Wadda ta miƙe ita ce ta Makka. Ɗayar ta karkata hagu, akwai jan allo a kanta da ke cewa ta waɗanda ba Musulmi ba ce. An yi ta ne don Turawa da sauran waɗanda ba a yarda su shiga gari ba, su zagaye ta kudu su wuce Jidda. Mu hanyar Hawajat muke ce mata, hawaja shi ne Bature. Ba wanda ya hana Musulmi binta. Manyan motoci ita suke bi kullum, ni kaina na bi ta ba adadi. Tana ratsa hamada ta wajen haddi, sannan ta haɗu da hanyar da ta taso daga kudu, in ka juya dama ka shigo ta alama, Ka'akiyya ce unguwa ta farko da za ta tare ka. Ƙofar gidana ke nan. Ta fi tsawo, amma a buɗe take.

Ban yi shawara da kowa ba. Da wa zan yi? Ga tsohuwa numfashi yana gagararta, ga mota da in ta shiga layin nan ba ta fita, ba ta juyawa, ba ta bin gefe kamar ƙaramar mota. In wani abu ya same ta a tsakiyar zahamar nan, ko motar asibiti ba ta iso mu. Na karya sitiyari hagu na taka mai.

Muka yi ta tafiya. Rana tana gangarawa a gabana, ba komai sai duwatsu baƙaƙe da garken raƙuma da tireloli. Inna ta kira matata.

"'Yar nan, mun wuce alama?"

"Saura kaɗan, Inna."

Aka jima ta sake tambaya. Matata ta sake cewa saura kaɗan. Ni kuma na lura tarin ya fara raguwa, don mun sauko cikin ɗumi. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata.

Abin da ban sani ba, tun muna kan dutse matata ta gaya wa dangi Inna ba lafiya, kuma ta tura musu abin nan na waya da ke nuna inda mutum yake yana tafiya. Ba da mugunta ta yi ba, tsoro ne. Sai wayarta ta yi ƙara. Hannunta ɗaya yana riƙe da kofin ruwa, ɗaya yana tallafe da kan Inna, don haka ta buɗe murya kowa ya ji. Ƙanena ne.

"Ina Yaya? Yana ji na? Yaya, me kake yi a hanyar Hawajat?"

"Ina tuƙi. Kashe wayar."

"Ummi tana cikin wannan hali ka bi da ita ta bayan gari? Ya shehi, ka ji tsoron Allah! Ga Makka a gabanka ka juya mata baya?"

"Ka ga layin da ke can? Ka taɓa jan abin da ya fi motarka ta zuwa ofis?"

"Ni dai abin da nake gani a waya, kuna waje. Duk hanyar nan waje ce."

Matata ta kashe, amma magana ta riga ta fita. Na ji Inna tana yunƙurin tashi zaune. Ta ja labulen taga ta duba. Wata tirela ta wuce mu.

"Kai."

"Na'am, Inna."

"Hanyar wa muke bi?"

"Hanya ce kawai, Inna. Kwalta ce. Ta fi sauri."

"Na ce hanyar wa?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta ce da matata ta gyara mata filo ta juya ta ɓangaren dama, inda take zaton gari yake bayan duwatsu. Ta fara karanta kalmar shahada a hankali, tana maimaitawa. Haka muka yi sauran tafiyar. Na taka motar nan fiye da yadda ta taɓa gudu, har ƙofar kabad ta ɓalle. Da muka juya dama muka iso alama na ɗaga murya na ce, "Inna, ga alama, mun shigo." Ta ci gaba da shahadarta.

Ana kiran magariba muka tsaya a ƙofar gida. Na zagayo na miƙa mata hannu. Ta kama na matata. Na ce mu wuce asibitin unguwa, ta yarda, amma ta ce a kira tasi. Likita ya duba ta ya ce sanyi ne ya taso mata da ciwon ƙirjinta, ya ba ta magani, muka dawo gida. Washegari wani maƙwabcina da ya sauko ta hanyar da na ƙi ya ce mini sai bayan isha'i sosai suka fita daga layin, tirela ce ta faɗi ta tare hanya. Na ce ya zo ya faɗa a gaban Inna. Ya zo, ya faɗa. Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba," ta tambaye shi lafiyar 'ya'yansa.

Na bar ta ta huta kwana biyu, sannan na shiga ɗakinta.

"Inna, kin ji abin da mutumin nan ya ce. Da na bi layi da kin yi sa'o'i a waje. Alamar tana can gaba da wurin binciken, ba mu kai ta ba. Ta hanyar da na bi kin riga kowa shiga."

"Na ji."

"To mene ne laifina?"

"A layin, ina fuskata take kallo?"

"Inna, Allah ai ya san niyya."

"Ya sani. Ubana ya yi shekaru yana tafiya, bai taɓa juya wa gabas baya ba. Inda dare ya yi masa nan yake kwana, da safe ya miƙe. Da na mutu a layin, da an ce ta mutu tana shiga. Da na mutu inda ka kai ni, me za a ce? An tsince ta a hanyar waɗanda aka hana."

"Ba ki mutu ba."

"Wannan ba aikinka ba ne."

Na ce mata ni direba ne, aikina in kai mutum da rai. Ta ce ita ba kaya ba ce. Ta ce da na tsaya na tambaye ta, ko da kalma ɗaya. Na ce da na tambaye ta da ta ce layi, kuma da layin ya kashe ta. Ta ce to, da ya kashe ta a inda ta zaɓa. Daga nan ta ɗauki carbinta, na san an rufe magana.

Har yau ban ga kuskurena ba. In aka mai da ni mararrabar nan sau goma, hagu zan karya sau goma. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda dangi suka ɗauki labarin. Ba wanda ya ce na sauko da ita lafiya daga dutse. Ba wanda ya tuna kwana biyun da ta yi tana dariya. Abin da ya zagaya gidaje shi ne wane ya bi da uwarsa ta hanyar Hawajat tana gargarar mutuwa. Mutanen da ba su san inda ake zuba wa mota ruwa ba suka zama malaman hanya. Wata gwaggonmu ta bugo waya ta ce ita tun da ta ga motar nan ta san ba alheri, gida ai ba ya tafiya.

Juma'ar da ta biyo baya ƙanena ya zo. Wannan karon bai yi haki a matakala ba. Ya shiga wurin Inna, suka daɗe. Sai matata ta fito idonta ja ta ce Inna ta ce a haɗa mata akwatinta, za ta je Zahir ta kwana biyu, can ya fi kusa da asibiti. Kwana biyu. Amma ta ce a sa har da darduma da hoton mahaifinmu da ƙaramin turminta na daka citta.

Ni na sauko da akwatin, don ƙanena yana da ciwon baya, in ji shi. Na sa a bayan motarsa. Inna ta sauko a hankali tana dafa bango, ta tsaya ta yi wa matata addu'a mai tsawo, ta ce ta yafe mata duniya da lahira. Ni ta ce mini, "Kai, a riƙa zuwa." Ta shiga gaba ta zauna, ƙanena ya ɗaura mata bel.

Ya zagaya ya shiga, ya tayar da mota, sannan ya sauke gilashi ya leƙo. Ko kunya babu.

"Yaya, yanzu an sauko daga masallaci, ko'ina zahama. Ta ina ya fi?"

Na san hanyar da in na tura shi sai la'asar ta same shi a cikin ramin dutse yana zufa. Amma Inna tana ciki, kuma ba ta son sanyin na'ura. Na ce ya bar tsakiyar gari, ya hau titin zobe ya zagaya ta yamma, kada ya sauka a gada ta farko, ya bari sai ta gaba. Na ce kada ya damu, duk cikin haddi ne.

Ba a jima ba ya bugo ya ce sun isa, hanya fes, Allah ya saka. Shekara ta uku ke nan tana can. Ranar Sallah can muke zuwa, ni da matata da yara, mu cire takalma a bakin ƙofa, matar ƙanena ta nuna mana inda za mu zauna.